Minti Huɗun Talatu

Malama Fadila Haruna 'yar unguwar Gobarau ce gaba da baya. Daga ƙofar gidansu zuwa gindin hasumiyar Gobarau taku ɗari da tamanin ne, ta ƙirga tun tana firamare. Shekararta arba'in da uku, sha shida daga ciki ta yi su a wata kwaleji da ke bakin gari. Shekara huɗu da suka wuce aka buɗe ofishin kula da daidaito tsakanin ɗalibai, kowa ya noƙe, ita kuwa ta ɗaga hannu. Kafin shekara ta zagayo ta sa an yi gangaren keken guragu bakwai, ta samo wa makafi uku mai karanta musu jarrabawa.

Tana da al'ada guda da ta tashi ta ga ana yi a cikin gari. Duk ɗalibar da ta shigo, in an gama gaisuwa sai ta ce, "Ɗiyar wane gida ce ke?" In aka ambaci gidan da ta sani, shi ke nan, an buɗe zumunci: yaya Hajiya, ƙafar ta yi sauƙi, yayarki ta haihu?

Bana aka yi musu bita ta kwana biyu. Mai bitar ta ce kafin mutum ya gyara makaranta ya fara duban kansa: ya rubuta wa ya shigo ofishinsa, ya zauna ko a tsaye ya gama, minti nawa aka ba shi. Fadila ta sayi littafi a ranar. Malam Lawal na ofishin rajista ya leƙo ya ce, "Hajiyar lissafi, yau kuma kanki za ki ƙirga? Ki fara da furfura." Ta ce ya je ya ƙirga nashi sanƙon.

Bayan mako shida ta tara adadin, tana sa ran yabon kanta. Ɗalibai hamsin da takwas. Talatin da biyar 'yan cikin gari ne, duk sun zauna, kowa ya samu kusan minti sha tara. Ashirin da uku daga ƙauyuka suke, biyar kaɗai suka zauna. Ta sake tarawa, bai canza ba.

Suna ɗaya ya fito sau uku: Talatu Yahaya. Minti huɗu, minti uku, minti biyu, duk a tsaye. Shan inna ya taɓa ƙafarta ta hagu, ɗakin kwananta kuma yana hawa na biyu, matakala arba'in da biyu. Ɗaki take roƙo a ƙasa. Sau uku Fadila tana cewa ta dawo Laraba. Gado ɗaya da ya rage a ƙasa kuwa ta ba 'yar maƙwabtansu da ta yi targaɗe.

Malam Lawal ya duba mata sunan a rajista, bai yi wasa ba wannan karon. Talatu ba ta zauna jarrabawa ba, ta koma wurin gwaggonta a unguwar Kambarawa.

Can Fadila ta same ta a ƙofar gida tana suyar awara. Suka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi gajiya.

"Talatu, na samo maki gado a ƙasa. Ga mabuɗi."

"Allah ya saka, Malama. Ai jarrabawa ta wuce. Sau sha ɗaya na rasa darasin ƙarfe takwas, kafin in sauko an rufe ƙofa."

"Don mi ba ki matsa mani ba, ɗiyata?"

Talatu ta juya awara. "Kin tambaye ni ɗiyar wane gida, na ce Yahaya manomi. Kika ce to, kika ɗauki waya. Da wa zan matsa?"

"Zan rubuta wa shugaban makaranta. Za a iya ɗaga maki shekara."

"Baba ya sayar da tumaki biyu don karatuna, na kai mashi babu. Ya ce Asabar in taho gida. Ni ma na gaji da hawa, wallahi." Ta zuba awara biyar a leda ta miƙa. "Ki kai wa yara."

Fadila ta rubuta takardar duk da haka, aka amince cikin kwana tara. Ta kira lambar Talatu sau sha huɗu, ba ta shiga. Gwaggon ta ce ta tafi, garinsu kuma sai an hau tudu ake samun sabis.

Ranar Litinin ta roƙi Malam Lawal sunayen duk waɗanda suka bar karatu tun buɗe ofishinta. Ɗari da sha biyu ne. Ta bi layin garuruwansu da yatsa, ƙauye bayan ƙauye, tana neman fuska ɗaya da za ta tuna. Ta kai ƙarshen shafi na uku ba ta samu ba.