Layin 'Yan Gudu

A wajenmu ba hukuma ke raɗa wa layi suna ba, bakin mutane ne. Inda aka taɓa yanka, Layin Mahauta ne ko da mahautan sun ƙare. Layin Tsamiya kuwa, tun ina aji uku aka sare tsamiyar. Suna ba ya zama sai 'yan acaba sun riƙe shi.

Shekarar da ɓarayin daji suka tashi ƙauyenmu na gefen Ruma, ina koyarwa a Batsari. Na kama wa mahaifiyata ɗaki a bayan gari, inda sauran waɗanda aka koro suke ta tarewa. Kafin damina ta fita, wurin ya samu suna: Layin 'Yan Gudu.

Inna ta tsani sunan nan. "Ni ban gudu ba," take cewa. "Kai ka ɗauko ni bisa mashin, ina ƙi." Gaskiyarta. Ko tukwanenta ba ta yarda an fitar daga buhu ba, wai da an yi shuka za ta koma gida.

Don hankalinta ya kwanta na sayo fenti, na rubuta Layin Marke a jikin katangar farko, saboda marken ƙofar gidanmu na ƙauye, inda take sheƙar gero. Ba ta yi boko ba, amma sai da ta sa na karanta mata sau biyu. Maƙwabta suka samu abin tsokana: "Malam, ina marken? Ko yana aljihunka?" Na yi ta bayani har na gaji. A shekarun nan komai ma gajiyar da ni yake.

Damina huɗu ta yi a ɗakin. Ranar da ta rasu, da hantsi, na tsaya ƙarƙashin rubutuna ina kiran dangin da suka watse a waya, wasu Safana, wasu Darini. Kawuna, ƙanenta, ya ce ya sauka a tasha, ina ne gidan?

"Ka ce a kawo ka Layin Marke."

Ina jin sa yana tambaya, ina jin 'yan acaba suna cewa babu wannan layin a Batsari. An riga an yi mata wanka, rana tana ɗagawa, mutane suna jira.

Na ce, "Kawu, ka ce masu Layin 'Yan Gudu."

Nan da nan aka kawo shi. Har yau kunyarta nake ji.