Sakatar Baba Audu

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin hanya, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da Baba Audu maigadi ya kawo wa Turawanmu sakata. Ku yaran yanzu da kuke cika mana ofis da musun ƙwallon Turai kuna ganin kamar a kanku aka fara, to ku gyara zama. Mu mun yi wannan haukan tun ba mu taɓa ganin akwatin talabijin ba.

A tsakiyar shekarun 1970 ne, naira tana sabuwa. Wani kamfanin Italiyawa ya sami kwangilar hanyar da ta tashi daga Gaya ta nufi Ajingi, suka kafa yadinsu a bayan gari. Yadi shi ne filin da aka kewaye da waya, inda ake ajiye motoci da siminti, ga ofis ga gareji. Ni aka ɗauka tafinta, don na gama firamare ina ɗan jin Turanci. Turancina gurgu ne, nasu kuma ya fi nawa ɗingishi, shi ya sa muka jitu. Manya biyu ne a wurin. Injiniya Karlo shi ne shugaban aikin gaba ɗaya, dogo mai ji da kansa. Buruno shi ne shugaban kanikawa, gajere mai tumbi, kullum hannunsa dumu-dumu da baƙin mai. Ƙarƙashinsu sai heluma, wato shugaban leburori, sannan direbobi, sannan mu.

Garinsu ɗaya, Milan, kuma nan masifar take. Kulob biyu ne a garin. Injiniya yana bayan masu riga ja da baƙi, Buruno yana bayan masu shuɗi da baƙi. Wata jaridar wasanni mai ruwan hoda takan iso musu daga Kano bayan labarin ya tsufa, su buɗe ta a gindin tsamiya lokacin cin abinci, su yi ta ɗaga hannuwa sama kamar masu korar tsuntsu a gona. Ni kuma ina gefe ina fassara wa jama'a, ina ƙara gishiri inda ya kamata. Kafin a ce haka yadi ya rabe gida biyu. Kanikawa da direbobi suka bi Buruno, leburori da masu awo suka bi Injiniya. Cikinmu babu wanda ya taɓa ganin wasan nan ko sau ɗaya, amma har akwai waɗanda suka daina cin tuwo a kwano ɗaya.

Sunayen 'yan wasan ba sa faɗuwa a bakinmu, sai muka raɗa musu namu. Gwanin su Injiniya muka sa masa Ɗan Kwalisa, na su Buruno kuma Mai Gashin Baki. Sani direban tifa yakan ce, "Ɗan Kwalisan nan naku ba ya gudu. Tsoron ƙura yake, kamar ango."

Heluma ya ce, "Kai ka taɓa ganinsa ne?"

"Kai fa?"

"Ni na ga hotonsa. Daga tsayuwar ƙafarsa na san gwani ne."

Ranar da na fassara cewa tsohon kocin su Buruno ana yi masa laƙabi da Boka, heluma ya tafa hannu ya ce ashe shi ya sa, duk kofunan da suka ɗauka da asiri aka ci su. Sai da aka shiga tsakaninsa da Sani.

Kalmar da ta fi yawo a bakin Turawan ita ce "katanacho". Na tambayi Buruno ma'anarta, ya ja ni ƙofar sito ya nuna mini sakata. A ƙwallonsu, in ji shi, idan kun ci ɗaya sai kowa ya koma baya ku rufe gida ruf har a tashi. Daga ranar kowa a yadi ya riƙe ta. Ka ji lebura yana tura baro yana cewa wasan sakata wasan ragwaye ne, bakanike ya leƙo daga ƙarƙashin mota ya ce sakata ita ce hankali.

A watan Mayu abin ya ɓaci. Injiniya ya faɗa a gaban kowa cewa kofin da aka ci da sakata kofin matsorata ne, kuma Bokan nan shi ya lalata ƙwallon Italiya. Buruno ya ce ƙarya ne, kocin su Injiniya ne ya fara sa sakatar, su sun dai shafa mata mai. Ya yi jifa da sifana, ya shige gareji. Daga nan suka shiga gaba, gaba ta sosai, ko ga maciji ba sa yi. Abin da ya faɗo kaina shi ne tafinta tsakaninsu. Ni Isa, wanda bai taɓa wuce Kano ba, ina kai saƙo tsakanin 'yan gari ɗaya masu harshe ɗaya.

Injiniya zai ce, "Je ka gaya wa jakin can ina son katafila gobe." In je in ce, "Injiniya yana gaishe ka, ya ce ko katafila za ta samu gobe?" Buruno ya ce, "Ka ce masa ya kira Ɗan Kwalisa ya tura masa ita." In dawo in ce, "Ya ce yana bakin ƙoƙari." Wallahi daɗin aikin nake ji. Da yamma nakan kwaikwayi muryoyinsu a wurin mai shayi, mutane su yi ta dariya har da ƙwalla.

Katafilar nan kuwa ba ƙaramin abu ba ce. Kusa da Gafasa mun riga mun ɗaga hanya da cikon jar ƙasa, mun datse wani kwari da ruwan damina yake bi. Tsarin aiki shi ne a haƙa ƙarƙashin cikon a sa kwalbati, wato manyan bututun siminti, don ruwa ya wuce. Katafilar da za ta yi haƙan tana kwance a gareji, injinta a buɗe. Gonar Baba Audu tana daidai bakin cikon, ta ɓangaren da ruwa yake gangarowa. In aka yi ruwa mai ƙarfi kafin a huda hanyar, gonar tafki za ta zama. Ga shi ya riga ya yi binne, ya zuba gero a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwan farko, kuma shekarun fari ba su daɗe da wucewa ba. Irin da ya rage masa ke nan.

Baba Audu dattijo ne mai shiru-shiru, ba ya zuwa gindin tsamiya. Yana bakin ƙofar yadi da sandarsa, kalma ɗaya ce take iso masa daga duk hayaniyar nan. Wata safiya ya tare ni ya ce, "Malam Isa, yaushe za a huda hanyar nan?"

Na ce, "Baba, sai Turawan sun shirya."

"Na ji ana ta cewa sakata, sakata. A kanta suka ɓata?"

Ina sauri da saƙo, na ce, "A kanta ne, Baba." Na wuce.

Washegari Litinin ce. Hadari ya kwana biyu yana haɗowa daga gabas yana watsewa. Muna tsakiyar yadi ana rabon aiki, Injiniya ya juya wa Buruno baya, Buruno ya juya masa, ni ina tsakiya. Sai ga Baba Audu cikin rigarsa ta zuwa Juma'a, riƙe da wani abu a ƙunshe cikin tsumma. Ya yi sallama, ya durƙusa, ya kwance ƙunshin a hankali. Sakata ce ta baƙin ƙarfe, ƙirar maƙera, har da ƙusoshinta.

Ya ce, "Malam Isa, ka gaya musu ga sakata. Ta ƙofar ɗakina ce, ɗazu na ciro. Wanda tasa ta ɓata ya ɗauka, a bar faɗan nan."

Na fassara ina danne baki. Buruno ne ya fara, tumbinsa ya soma rawa, ya zube kan wata taya. Injiniya ya waiwayo, suka haɗa ido, ya faɗi wata kalma da Italiyanci, shi ke nan kowa ya ɓarke. Heluma ya riƙe ciki ya duƙa. Sani ya sure sakatar ya ɗaga sama yana zagaye yadi da gudu wai kofi ne, kanikawa suna binsa suna buga garwa. Ni kaina sai da na zauna a ƙasa.

Baba Audu bai yi dariya ba. Ya jira aka lafa, ya ce, "Ɗana, me na faɗa?"

Na share ido na yi masa bayani, cewa sakatar tasu salon buga tamaula ce a ƙasarsu.

"Tamaula. Su ne suke bugawa?"

"A'a, Baba."

"'Ya'yansu ne?"

"A'a. Ba su ma san da su ba."

Ya naɗe tsumman da ke hannunsa. Sannan ya ce, "To ka gaya musu gerona yana cikin ƙasa, kuma ba ni da wani. In ruwa ya kwanta a kansa, mutum tara nake ciyarwa. Su nuna mini wanda zai ciyar da su, mai jar riga ko mai shuɗiya."

Bakina ya saba da lallashi. Har na buɗe shi zan ce Baba yana roƙon a ɗan taimaka, sai na dubi fuskar dattijon, na ji kunya ta kama ni. Na faɗa musu yadda ya faɗa, ban rage komai ba. Injiniya ya yi ja har kunne. Buruno ya miƙe daga kan tayar, ya karɓi sakatar daga hannun Sani, ya miƙa wa Baba Audu da hannu biyu, ya nufi gareji. Injiniya ya ɗauki akwatin sifanu ya bi shi. Yinin ranar ƙafafunsu kawai muke gani a ƙarƙashin katafila, muryoyinsu suna tashi, don musun bai mutu ba, sai dai yanzu ana yi ana miƙa wa juna kayan aiki. Bayan la'asar injin ya yi tari ya tashi. Kafin Juma'a an sa kwalbati an rufe.

Ruwan ya sauko a ƙarshen makon, kamar da bakin ƙwarya. Da ya ɗauke na hau keke na tafi Gafasa, na tarar da Baba Audu tsugune a bakin kwalbati yana kallon jan ruwa yana wucewa ta ƙarƙashin hanya. Muka gaisa, ya ce, "Af, Malam Isa, cikin su biyun wa ya ci kofin bana?"

Na ce, "Babu ko ɗaya, Baba. 'Yan wani gari ne suka ɗauka."

Ya dube ni, ya ce, "Allah ya kyauta."

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe, ku da za ku riƙa kai magana tsakanin manya da talakawa. Sanyaya zance yana da ranarsa, ni ma da shi na ci abinci. Amma duk kwanakin da na yi ina tausasa saƙo katafila ba ta motsa ba, sai ranar da na kai maganar mai gona yadda ta fito daga bakinsa. Ku yi musunku na ƙwallo, ni ma har gobe ina bayan masu shuɗi da baƙi. Sai dai in za ku yi fushi a wurin aiki, ku fara duba gonar wa ke bakin hanyar. A shekarar nan gidan Baba Audu ba su auni hatsi a kasuwa ba.