Lubor Mai Ganguna, Wanda Muke Tambaya Ina Za Mu Ci Abinci

Ƙarfe biyar da rabi na safe, ko ana zafi ko dusar ƙanƙara na zuba, Lubor Skala yana harabar kamfanin giya yana zagaya motarsa. Yakan shuri kowace taya, ya ɗaure ɗamarar fata a ƙugu saboda ciwon baya, ya zura safar hannu. Kafin shida ya shiga cikin garin Olomouc. Gangar giya ɗaya ta kusa nauyin mutum. Zai sauke ta a kan tsohuwar taya, ya mirgina ta ta cikin kicin, ya gangara da ita matakala zuwa ɗakin ƙasa, ya hau da wadda ta ƙare. Gidajen abinci ashirin da wani abu a yini. Shekara talatin da takwas ke nan yana wannan aiki.

Ranar Juma'a mai zuwa zai ajiye shi. Gwiwar hagu ta ƙi, likita kuma ya daina roƙonsa ya koma yi masa faɗa. Kamfani ya shirya masa agogo da takardar yabo da ke cewa bai taɓa fasa ganga ba. Ya ce a gyara takardar, biyu ya fasa, ɗaya ma a kan ƙafar wani mai gidan abinci.

Amma ba don ganguna na ɗauki alƙalami ba. A garin nan, in mutum yana so ya san inda zai kai baƙonsa, ko inda cuku bai kwana biyu a kan kanta ba, ko inda giya ke zuwa da sanyinta da kumfarta, motar Lubor yake tsayarwa. Direbobin tasi na tambayarsa. Ma'aikatan asibiti na tambayarsa. Na taɓa ganin wani lauya da kwat ɗinsa ya tsallaka titi a guje yana ɗaga hannu, yana kiransa da "Pan", wato Malam a harshenmu.

"Pan Lubor! Surukaina za su zo ranar Lahadi. Ina zan kai su?"

"Surukan da kake so, ko waɗanda kake tsoro?"

"Waɗanda nake tsoro."

"To, bayan tashar jirgi, wurin matar nan mai farfesun naman sa. Ka ce a zuba wa tsohuwar miyar tafarnuwa tukuna. Mutum ba ya faɗa da cokali a baki."

Shi ba kuku ba ne, giyar ma kofi ɗaya yake sha ranar Lahadi. Abin da ya sani, idonsa ne ya gani. Duk mako yana ratsa kicin ɗin kowa a lokacin da ba wanda ya yi shirin baƙo. Ya san wanda ke wanke bututun giyarsa da wanda ke cewa gobe. Ya san inda ake goge ƙasa har ƙarƙashin murhu, ya san inda kuku ke zagin mai wanke-wanke.

Nan ne zan tona kaina. Shekara goma sha bakwai ina rubuta shafin abinci na ranar Asabar a jaridar garin nan, da sunana, Jarmila, da hotona a sama. Mutane na tare ni a kasuwa suna cewa ina da harshe. Rabin abin da na sani daga bakin Lubor na ji shi.

Haɗuwarmu ta farko ba ta yi daɗi ba. Na yabi gasasshiyar agwagwar wani gida kusa da dandali. Ranar Litinin ina shagon Pani Vlasta, wato Malama Vlasta, mai sayar da cuku da kyafaffen nama da kwaɗon dankali, sai wani ƙato ya shigo da akwatin kwalabe a kafaɗa. Ya sauke, ya dube ni sama da ƙasa.

"Ke ce 'yar jaridar da ta ce agwagwar can ta yi daɗi?"

"Ni ce."

"Sun san za ki zo."

"Ba wanda ya sani. Ban faɗa wa kowa ba."

"Hotonki na manne a bayan ƙofar kicin ɗinsu, kusa da lambar 'yan kwana-kwana. Ranar da kika je sabuwa suka gasa miki. Sauran bayin Allah ta shekaranjiya ake ɗumama musu."

Na fita ban ko karɓi burodina ba don haushi. Amma mako na zagayowa na tura ƙanwata can. Ta dawo ta ce ta tauna takalmi. Tun daga nan duk ranar Alhamis da rana nake jiransa a shagon Vlasta. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada sunansa ya fito a jarida. Yau na karya sharaɗin, da izinin matarsa Milada.

Bai cika kushe wuri ba. In ka ambaci gidan da bai yarda da shi ba, sai ya ce, "Akwai wanda ya fi shi kusa da nan," ya nuna maka hanya. Sai ka matsa masa zai faɗi abin da ya gani, kuma iya abin da ya gani. Masu gidajen abinci sun gwada shi. Wani ya aika masa da ƙatuwar dinya lokacin Kirsimeti. Washegari ya mayar masa da ita tare da gangunansa, ya ce Milada ta riga ta sayi kifi.

Shagon Vlasta kansa, da ba don shi ba da yanzu wayar hannu ake sayarwa a ciki. Shekarar da mijinta ya rasu aka tone titinsu don gyaran layin taragon cikin gari, wata goma sha huɗu. Sai ka taka katako a kan rami kafin ka isa ƙofarta. Ciniki ya mutu. Mota ba ta shiga, don haka Lubor yakan ajiye tasa a bakin layi ya ɗauko mata kwalabenta a kafaɗa. Wata rana ta ce masa kada ya kawo na mako mai zuwa, za ta rufe.

Ga yadda take ba da labarin: "Ya sayi burodi da nama guda shida, ya fita. Na leƙa ta taga na gan shi a bakin rami yana miƙa wa masu haƙa. Ina jinsa yana cewa, 'Ku da kuka kashe mata titi, aƙalla ku ɗanɗana abin da kuke kashewa.' Washegari da rana na ɗaga kai na ga maza goma sha biyu a layi, takalma duk taɓo. Na ce su tsaya a waje kada su ɓata mini ƙasa. Suka tsaya!"

Masu haƙa suka ci har aikin ya ƙare. Bayansu direbobin tasi suka biyo, don duk wanda ya tsayar da motar Lubor a shekarar nan, can yake tura shi.

Kai ne, Lubor, ka ɗauki gari guda a kai ba tare da wani ya naɗa ka ba. Kai ne ba a saye da dinya, ba a saye da zaƙin baki. Amma duk wannan mai sauƙi ne in aka kwatanta da abin da ya same ka a cikin gidanka.

Shekara shida da suka wuce, Radim, mijin 'yarsa ɗaya tilo Ivona, ya buɗe gidan abinci a hayin kogi. Radim kuku ne na gaske. Na je sau biyu ba sanarwa, na ci, na ji daɗi, na rubuta yabo mai tsawo. Ranar Alhamis na zo wa Lubor da albishir, ina tsammanin zai rungume ni. Sai ya juya safar hannunsa, ya ce:

"Kada ki buga."

"Pan Lubor, surukinka ne fa."

"Na san wanda ya auri 'yata. Injin ɗakin sanyinsa ya fi wata yana mutuwa yana tashi, ga zafin nan da ake yi. Jiya na shiga na ji warin nama. Da ruwan kal mai tsami yake wanke shi ya cika masa tafarnuwa. Sau uku ina yi masa magana, yana cewa in ciniki ya buɗe zai gyara."

"To ai rubutun nan ne zai buɗe masa cinikin."

"In kika buga, ranar Asabar mutum ɗari za su cika wurin. Da yara, da tsofaffi, da mata masu ciki kamar Ivona. Ke kin ci kin tsira. Ba kowa ne zai yi sa'arki ba."

Na ce to, zan ajiye rubutun in yi shiru, ba wanda zai san dalili. Ya girgiza kai. Ya ce ba zai zauna teburi ɗaya da mutum yana ɓoye masa abu irin wannan ba. A ranar ya tuƙa motarsa zuwa hayin kogi.

Ivona ce ta ba ni labarin abin da ya faru, ita kuma ta ce in rubuta shi. Ya shiga kicin ya tarar da Radim da ma'aikatansa, ya ce, "Ni na hana 'yar jarida buga yabonka." Radim ya ajiye wuƙar da ke hannunsa.

"Baba, ka tura wa kowa baƙi a garin nan, har mai kwaɗon dankali. Ni da zan ciyar da jikanka ne ka ga dama ka toshe?"

"Ka zubar da naman nan, ka gyara injin. Ni da kaina zan kawo maka gari."

"Fita mini daga kicin."

Ivona ta biyo shi har mota, da cikinta wata bakwai. Ta ce, "Baba, kada ka sake zuwa gidana."

Radim ya zubar da naman. Ya rufe kwana goma ya gyara injin. Amma bai faɗa wa Lubor ba, kuma ya koma sayen giya a wani kamfani don kada tsohon ya sake taka masa kicin. Lubor ya ji labarin gyaran a bakin mutane. Na roƙe shi ya fara tura baƙi can. Ya ce abin da bai gani ba ba zai rantse a kansa ba. Ni na je, na ci, na buga rubutuna daga baya, amma lokacin baƙi ya riga ya wuce, sanyi ya shigo. Kafin bazara gidan ya rufe, Radim ya koma yi wa wani girki.

An haifi jikarsa ba a kira shi ba. Milada ita kaɗai ta je asibiti, ta dawo ta yi mako biyu ba ta ce masa uffan ba. Kirsimeti ta zo, kujeru biyu ba kowa. A watannin nan yakan zo shagon Vlasta ranar Alhamis kamar kullum, ya gaya mini inda aka sami sabon kuku, inda giya ta fara tsami, amma ya rame, ɗamarar ƙugunsa ta ƙara rami biyu. Na taɓa tambayarsa ko ya yi nadama. Ya ce:

"Naman ya lalace, Jarmila, wannan ba na shakka. Amma a gaban ma'aikatansa na yi masa magana. Da na ja shi waje. Mutum ya zuba duk abin da ya mallaka a wuri, ka zo ka tsiraita shi a gaban masu wanke masa kwano. Wannan laifina ne, ba na injin ba."

Yarinyar na da wata tara Ivona ta zo da ita ɗan lambun Lubor na bayan gari wata Lahadi. Ta ɗora masa ita a cinya, ta shiga tsinke tumatir. Shekara biyu bayan nan Radim ya buɗe ƙaramin wuri mai teburi shida. Kafin ya buɗe ya kira waya: "Baba, zo ka buɗe firij ɗina." Lubor ya je. Kafin ya taɓa firij ya ce, "Abin da na yi maka a gaban mutane, ka yafe mini." Sannan ya duba komai, har bayan murhu. Washegari tasi huɗu na tsaye a ƙofar.

Na tambayi Ivona ko yanzu ta ga gaskiyarsa. Ta ce, "Har yau ban ce ya kyauta ba. Amma duk inda ya ce a ci, can nake kai 'yata."

Alhamis da ta wuce na tambaye shi abin da zai yi da ranakunsa. Ya yi 'yar dariya, kamar mai jin kunya.

"Kin san yawancin wuraren nan ban taɓa zama a cikinsu ba? A tsaye nake ɗanɗana abin da kuku ya miƙo mini a cokali, in koma mota in ci burodina. Na yi wa Milada alkawari. Duk Laraba za mu sa kaya masu kyau, mu zauna, a shimfiɗa mana farin ƙyalle, a kawo mana a faranti."

Mun gode, Lubor na Milada. Mun gode da miyar da muka sha muka kwana lafiya ba mu san wanda ya tsare mu ba. Na gode da shekara goma sha bakwai da na ci yabo da idonka. Ku kuma da aikinku ke kai ku inda sauranmu ba ma shiga, masu kai burodi, masu gyaran firij, masu kwashe shara, in an tambaye ku ku faɗi abin da kuka gani, ku faɗe shi da tausayi, ku ja mutum gefe in abin na kunya ne.

Masu gidajen abinci na Olomouc, saura ku. Wata Laraba wani dattijo mai ɗingishi zai shigo da matarsa a hannu, sanye da kwat ɗin da ya yi masa ɗan yawa. Ku ba su teburin bakin taga. Kada ku hanzarta su.