Taken Garba Mai Turmi

Har gobe ban manta da wata Alhamis a Maigatari ba, shekara biyu bayan canjin kuɗi zuwa naira. Ku da kuke alƙalancin wasa yanzu kuna ganin aikin bai wuce usur da sanin doka ba. Ni ma haka na ɗauka a lokacin.

Ina mataimakin jami'in wasanni ne a Gumel, kuma ni ne alƙalin kokawa na ƙasar. Tsarin da muke bi hawa-hawa ne. Bayan an gama girbi, kowane ƙauye zai fitar da gwaninsa. Gwanayen ƙauyuka su kara a gunduma. Waɗanda suka tsira su zagaya sauran gundumomi, sannan a yi karon ƙarshe. Wanda ya yi kaye a nan shi ake kai wa Kano, a ba shi masauki da abinci da mai horarwa, ya zama kokawa ce sana'arsa. Mutum ɗaya tak ake ɗauka a shekara.

A wannan kakar babu sunan da ke bakin mutane sai na Habu, saurayi daga wani ƙauye a ƙasar Sule Tankarkar. Siriri ne, ba ya ɗaga mutum, taɗiya ce makaminsa. Ya share ƙauyukansu, ya zo Gagarawa ya kayar da wani ƙato da ya ninka shi, ya tashe shi yana ce masa, "Yi haƙuri Yaya, ƙafarka ce ta zo inda tawa take." Mutane suna son sa saboda wannan wasa da dariya.

Duk inda ya je, Baba Ilu makaɗi na biye da shi. Ga wanda bai sani ba, kowane ɗan kokawa yana da takensa, wato kiɗan da ake yi masa shi kaɗai idan zai shiga fili. A al'adar makaɗan ƙasarmu, idan mai take ya rasu, taken ya bi shi, ba a sake kaɗa shi. Baba Ilu shi ya yi wa mahaifin Habu kiɗa, Garba Mai Turmi, wanda ya karye a wuya a filin Maigatari tun Habu yana ciki. Garba yakan sunkuyar da kai ya shige ƙarƙashin cikin abokin karo ya ɗaga shi sama. Ranar da ajali ya zo, mutumin ya faɗo masa a ƙeya. Don haka Baba Ilu ya ƙirƙiro wa Habu nasa taken daban, mai sauri, kuma bai taɓa barin kowa ya koya masa wannan shigar ba.

Karon ƙarshe ya faɗo Maigatari ranar kasuwa, bayan la'asar. Abokin karonsa Ɗan Bello ne na Gumel, mai nauyi da haƙuri. Sai aka yi rashin sa'a yatsun Baba Ilu suka kumbura, ya kasa riƙe sandar kiɗa. Aka samo wani matashin maganga, wato mai kiɗan ganga, daga tsallaken iyaka, cikin waɗanda suka biyo fataken shanu. Baba Ilu ya rera masa taken Habu da baki, magangan ya ce ya kama. Tsohon ya koma gefe ya zauna a kan buhu.

Na shiga tsakiya, na duba faratansu, na sa suka cire layun da ke da ƙarfe, na busa usur.

Ganga ta tashi, amma ba taken Habu ba ne. Wani kiɗa ne mai nauyi, a hankali, kamar ana daka a gida mai nisa. Ban san shi ba. Abin da na fara lura da shi shi ne tsofaffin da ke sahun gaba sun daina magana. Wani dattijo mai sayar da igiya ya miƙe tsaye, goro a hannunsa, ya manta da shi.

Na juya wajen Habu. Murmushin nan nasa babu. Ya durƙusa ya ɗebi ƙasa da hannun hagu ya watsa ta bayan kafaɗarsa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba a duk karon da na yi masa alƙalanci. Ya taho yana jan ƙafar dama, kafaɗunsa a buɗe kamar na mutumin da ya fi shi jiki nesa ba kusa ba. Na ji dattijon nan ya ce a hankali, "Innalillahi. Tafiyar Garba ce."

Suka kama. Habu bai nemi ƙafa ba ko sau ɗaya. Tura Ɗan Bello yake yi, taku bayan taku, zuwa kusurwar gabas inda wani tsohon turke yake. Daga baya aka gaya mini a nan mahaifinsa ya faɗi. Usur yana bakina, amma babu dokar da aka karya, ba ni da hujjar busawa. Da suka isa wajen turken, sai na ga Habu ya saki kafaɗar abokinsa, ya fara sunkuyar da kai.

Ban ga tashin Baba Ilu ba. Sai dai na ji gangar ta mutu. Ya kifa kumburarren hannunsa a kan fatar, ya danne.

Habu ya tsaya cak, kansa a ƙasa, kamar wanda aka tasa daga barci. Ɗan Bello bai yi wata wahala ba, ya ture shi gefe, Habu ya zauna daɓas. Na busa usur, na ɗaga hannun Ɗan Bello. Filin nan cike yake, amma ba a yi sowa ba. Kukan shanu kawai ake ji daga kara, kasuwar dabbobi.

Maigidana, jami'in wasanni, ya kira ni gefe ransa a ɓace, domin Habu yake so ya kai Kano. Ya ce, "Malam Sabo, an tsayar da kiɗa ana tsakiyar karo. A sake."

Na ce, "Ranka ya daɗe, doka ba ta san ganga ba. Ya taɓa ƙasa, kaye ya tabbata. In kuma ka ce a sake yau, sai dai a nemi wani alƙalin."

Ya dube ni, ya dubi tsofaffin da har yanzu suke tsaye, ya ce shi ke nan.

Magangan nan kuwa rantsuwa yake ta yi. Ya ce, "Baba, wallahi girmamawa na yi. Na ji ana cewa ɗan Garba Mai Turmi ne. Mahaifina ne ya koya mini taken, shi kuma ya kama shi tun zuwan Garba garinmu. Mu a wajenmu ɗa yana gadon taken ubansa."

Baba Ilu ya ce, "Mu a nan ba ya gada. Ba laifinka ba ne, ɗana. Je ka sha ruwa."

Na sami Habu zaune a gindin turken yana kakkaɓe gwiwa. Na ce, "Habu, wa ya koya maka watsa ƙasa ta baya?"

Ya ce, "Wace ƙasa, Malam?"

"Kiɗan fa, ka taɓa jin sa?"

Ya shafa bayan wuyansa. Ya ce, "Ni ban ji kiɗa ba. Ji na yi wani ya dafa mini ƙeya yana dannawa a hankali. Hannun da ɗumi. Ban ji tsoro ba, Malam, shi ne abin da ke ba ni tsoro yanzu."

Na yi karatun allo daidai gwargwado, na san matacce ba ya dawowa. Abin da na gani kuma na gani. Allah shi ne masanin abin da ke tsakani.

Ɗan Bello ya tafi Kano. Habu ya koma gona, ya sake farowa daga ƙauye da kaka ta zagayo, ya bi hawan nan ɗaya bayan ɗaya da taɗiyarsa da takensa, ya sami gurbin. Ya yi shekaru yana wasa, ya bari da ƙafafunsa. Amma bai ƙara yarda ya shiga filin Maigatari ba.

Abin da na koya shi ne, alƙali yana tsaye a tsakiyar fili, amma ba shi kaɗai ke tsaron ran 'yan wasa ba. Tun daga ranar har na ajiye aiki, kafin in duba faratan kowa, wajen makaɗa nake fara zuwa. In gaishe su, in tambaye su taken wa za su kaɗa, kuma mai shi yana da rai?