Tumatir Shida Sun Nuna

Yayana mai zane ne, kuma ba ya bambance ja da kore. Haka aka haife shi. Ka ajiye masa nunannen tumatir da ɗanye, in ba latsawa ya yi da yatsa ba, duk ɗaya ne a wurinsa. Amma ba shi alƙalami da farar takarda, zai zana maka tsohuwa tana fama da zare da allura har ka ji kamar ka karɓa ka zura mata.

Mu biyu muka san wannan magana, sai mahaifiyarmu, ita kuma ta tafi da ita kabari. Matarsa ma ta ɗauka son jiki ne ke sa shi cewa ta zaɓo masa kayan da zai sa. Tun ina 'yar shekara goma sha biyu nake masa aiki ɗaya. In ya sayo fensiran launi, sai in ɗauki reza in yi musu tsaga a gindi: ɗaya ja, biyu kore, uku ruwan ƙasa. Da ya shafa da babban yatsa ya san abin da ya riƙe. In ya gama zane da baƙi, sai in bi in sa masa ƙananan lambobin launi, ganye lamba biyu, hula lamba ɗaya. Da haka ya shekara ashirin yana zana littattafan ƙananan makarantu da kalandar masu kanti, ba wanda ya taɓa kama shi. Na yi aure, na haifi uku, ban fasa zuwa ɗakin zanensa ran Asabar da rezata ba. Girman kai gare shi na innalillahi. Gara ka ce masa mai jinkiri ko mai tsada da ka ce yana da nakasa.

Sai ga takarda daga wani babban kamfanin ɗab'i a birni. Suna neman mai zanen littattafan karatun yara guda goma sha biyu, sun ga aikinsa, ya zo a gana. Aikin da ya yi ta mafarki ke nan tun yana saurayi. Ya ce ƙafarsa ƙafata. Mijina aka ce wa zan je ganin likitan ido, ni mai lafiyayyen idon.

Ran ganawar mun fito daga masauki da sassafe. Kafin mu fita na ɗaga jakarsa na ji nauyi, na zare gwangwanin fensiran na ajiye kan gado, tunda sun ce aikin da aka gama kawai za a nuna. Ban gaya masa ba, don ban ɗauke shi a bakin komai ba.

A kan wata gadar ƙafa ya tsaya cak. Ƙarƙashinmu motoci layi takwas, mutane kuwa suna ta kwarara ta gefenmu kamar an buɗe famfo. Ya zaro ƙaramin littafinsa ya hau zane a tsaye. Mai ɗauke da katifa a ka, ma'aikaciya tana gudu da takalminta a hannu, wani tsoho yana karanta jarida ana ta bangaje shi. Rabon da in ga hannunsa yana gudu haka na manta.

"Yaya, saura minti ashirin fa."

"Auta, dubi wuyan mutumin can. Dubi yadda kaya ya lanƙwasa shi."

"Naka wuyan zan lanƙwasa in muka makara."

Ofishin a bene na bakwai yake, sanyin na'ura har cikin ƙashi. Editar kamfanin gajeruwar mata ce mai tabarau da igiya, ba ta da yawan magana. Ta shigar da shi wani ɗaki mai bangon gilashi, ni kuma sakatariya ta nuna mini benci a waje. Ƙofar ba ta rufu duka ba, ina jin su, ina ganin su.

Ta yi ta buɗe zanukansa ɗaya bayan ɗaya, tana gyaɗa kai. Har na fara sakin numfashi. Sai ta jawo wata takarda, zanensa ne aka sake bugawa da baƙi kawai: yarinya a lambu da tumatir takwas a jikin reshe.

"Mun canza rubutun shafin nan," in ji ta. "Yanzu shida sun nuna, biyu ba su nuna ba. Sa musu launi in ga hannunka. Ba na ɗaukar mai zane sai na ga yana aiki."

A cikin shafuka duk na duniya, wannan ta zaɓa. Yaya ya zura hannu a jaka. Ya laluba, ya sake lalubawa. Ya ɗago ya dube ni ta cikin gilashi.

"Kada ka damu, ga namu," in ji Edita. Ta turo masa farantin fentin ruwa, tsoho, duk ya sha aiki, babu suna ko lamba a jikin ko ɗaya.

Na ɗaga masa yatsu uku a kan gwiwata, wato jan fenti shi ne na uku daga hagu. Hagunsa ko haguna? Ni kaina na rikice. Sakatariya ta bar abin da take bugawa ta zuba mini ido, dole na mai da yatsun na soshi kunne.

Ya tsoma buroshi. Kore ya ɗauko. Na ce a raina, ba laifi, ai ana son kore biyu, Allah Ya sa ya sani. Ya shafa na farko, ya shafa na biyu, hannunsa ko rawa babu, har da ɗan hasken da yake bari a gefe. Sai ya wuce na uku. Ya yi na huɗu. A zatonsa nunannun yake yi.

Edita ta cire tabarau. Shi kuwa sana'arsa ke nan, karanta fuska. Ya dube ta, ya dubi takardar da ba za ta gaya masa komai ba, ya ajiye buroshin a hankali.

"Ranki ya daɗe, ba na gane ja da kore. Ban taɓa ganewa ba."

Edita ta mai da tabaraunta.

"Wa ke zaɓa maka launi?"

"Ƙanwata ce. Ga ta can. Shekara ashirin."

Aka kira ni. Na shiga. Matar ba ta yi mana da sauƙi ba. Ta ce da sai an buga dubban littattafai ta gane, da ita za a kora. Ta ce goma sha biyun nan mu cire rai, ba za ta danƙa su ga wanda ya shigo mata da rufa-rufa ba. Littafi ɗaya za ta ba mu na gwaji, shi zane, ni launi, kowa da sunansa a bango.

A matakala na sauke masa. "Shekara ashirin ina ƙarya saboda kai, har mijina na yi wa, ka tashi ka fasa a minti ɗaya ko shawara babu! Da ka ce kanka ke ciwo!" Ina faɗa ina kuka, don na san ni na zare gwangwanin, kuma ya sani, bai ko ambata ba.

"Auta, mutum arba'in na zana a kan gadar can," ya ce. "Ko sau ɗaya ban ji tsoron launin rigar wani ba. Tun ina yaro rabona da zane babu tsoro. Na gaji."

Ban kula shi ba har tasha. Motar ta cika maƙil, muka tashi, muna ratsa gefen birnin. Can muka wuce wani dogon gini, an shanya kaya a kowace baranda tun daga ƙasa har sama. Yaya ya leƙa ta taga, ya taɓo ni, ya ɗaga murya yadda duk motar za ta ji.

"Auta, zanen can da aka shanya a hawa na uku, wane launi ne?"

Mutane suka waiwayo suna kallon ƙaton mutum mai furfura yana tambaya irin ta yara. Na share hancina da bakin mayafi.

"Ja ne, Yaya. Ja wur."