Yashin Suyar Gyaɗar Kaka

Kakata Hajiya Balaraba ba ta soya gyaɗa da kowane irin yashi. Ga yashi nan birjik a Makka, amma ita sai na bakin tekun Jidda, kusa da inda jirgin ruwa ya sauke ta tana budurwa, lokacin da suka ƙetaro daga Sudan. Wai shi da gishirinsa yake zuwa. Kawuna ne ke ɗebo mata a gwangwanin madara, kuma duk unguwarmu ta Tandabawi ba wanda bai san gyaɗarta ba.

Bayan Magariba take suyar, a saman gidanmu. Ta hura gawayi, ta ɗora kasko, mu jikoki mu kewaye ta kamar da gaske tatsuniya ce ta kawo mu. Ta san halinmu sarai. Da na miƙa hannu sai in ji ludayi a kan yatsuna.

"Kai Maigida, wace mace za ta zauna da miji ɓarawo? Yalla, janye hannu!"

Sai ta gyara zama ta ce, "Tatsuniya ta sauko daga jirgi, wa zai tarye ta?" Mu haɗa baki mu ce mu ne.

Wadda na fi so ita ce ta Ƙaguwa. Wai an yi wani gari da ke maƙwabtaka da Teku. Kullum da safe Teku kan aiko Ƙaguwa ta gaida mutanen gari, da kifi niƙi-niƙi a kanta. A wancan zamanin, Ƙaguwa miƙe tafiyarta take yi sak, tana taƙama. Rannan wani attajiri ya ce ai shi ya kamata a fara gaisarwa, ya gina gida a bakin ruwa ya ja katanga. Maƙwabcinsa ya ce bai isa ba, ya zuba duwatsu cikin ruwan ya gina nasa a gaban na farko. Wani ya kafa ɗakin ajiya, wani ya juyo da kwatar gidansa cikin ruwan. Ba wanda ya shawarci wani, ba kuma wanda ya bar ko lungu.

Ƙaguwa ta fito da kifinta, ta ci karo da katanga. Ta matsa gefe, katanga. A nan Kaka ke miƙewa da ludayi a hannu, ta buɗe gwiwoyin hannu, ta riƙa tafiya a kaikaice tana cewa, "Salamu alaikum, ina ƙofa? Jama'a, ina ƙofa?" Mu kuwa har birgima muke yi don dariya. Kifin ya ruɓe, Teku ta daina aike.

"Har yau ƙofar take nema," in ji Kaka, "shi ya sa ba ta ƙara miƙe tafiya ba."

Na taɓa tambayarta, "To, mutanen garin fa?"

"Suna jin motsin ruwa ta bayan katanga, suna cin kifin gwangwani. Halas, shi ke nan, gyaɗa ta soyu, tatsuniya ta koma jirgi."

Na girma har na yi mota, Kawu ya rasu, yashin Kaka ya yi baƙi ya ƙanƙance. Wata rana ta ce in kai ta Jidda ta ɗebo da hannunta, ta kuma ga wurin da ta fara taka ƙasar nan kafin ƙafa ta ƙi. Wallahi ban so ba, don na san yadda bakin ruwan ya koma.

Muka yi ta bin hanya. Nan ɗakunan ajiya, can gidajen hutu da masu gadi, gaba shingen kwano ya kewaye ginin da aka fara aka watsar. Inda aka bari a buɗe kuma siminti ne har cikin ruwa. Kaka na rungume da gwangwani tana ta leƙe ta tagar mota.

Ina shirin juyawa ta ce, "Tsaya! Hancina ya jiyo ruwa." Ashe wani ɗan tsagi ne tsakanin katanga biyu, wanda mutum ba ya shiga sai ya karkace. Ta ɗora gwangwani a ka, ta shige gefe-gefe, ina biye da ita. Muna tsakiya ta tsaya, ta waigo, idonta na ƙyalli.

"Salamu alaikum," ta ce, "ina ƙofa?"

Dariya muka yi har da hawaye, a matse tsakanin katangun mutane. Da muka ɓulla, gaɓar da ta rage ba ta fi tabarma ba, ga ledoji. Kaka ta share su da hannu, ta tsoma ƙafafunta a ruwa ta daɗe tana kallo, sannan ta cika gwangwani dam.

Ina yaro na ɗauka labarin ƙaguwa ne. Sai a lungun nan na gane Kaka tuni ta hango abin da ke faruwa in kowa ya gina don a fara gaishe shi. Bayan rasuwarta na koma, na tarar an toshe tsagin da bulo.

Yanzu ni ke hura gawayin, ni ke tafiya a kaikaice 'ya'yana na birgima. Rabin gwangwani ya rage. In an gama suya nakan tankaɗe yashin in mayar, kuma na yafe wa yara satar gyaɗa, amma duk wanda ya zubar mini da yashi zai ji ludayi.