Moter Mai Jiran Mari

Garagumsa

Na bar gida kafin kiran assalatu, da moter ɗin injin markaɗen surukina a naɗe cikin bargo. Surukin nawa, Baba Idi, ya tafi biki, ya bar mini injin amana. Kullum in zai tayar da shi sai ya yi bisimilla ya zabga wa fule mari, wato ƙarfen da bel ke hawa. Ni kuwa da iyayina na sha ce masa wannan camfi ne. Da na kunna ban mara ba, moter ya yi ta gurnani bai juya ba, ga mata sun jera robobin gyaɗa. Na ce shi ke nan, na kashe abin da ke ciyar da gidan matata. Allah ya yafe mini.

Takeita

Direba ya ɗaga bargon da ƙyar, ya ce, "Malam, wannan ai fasinja ne." Na biya masa kujera. Shi ya samu gefen taga.

Tirmini

A shinge jandarma ya leƙo. "Wa ke cikin bargo?"

"Marar lafiya ne, ranka ya daɗe."

Ya buɗe, ya dube ni, ya rufe a hankali. "Allah ya ba shi lafiya. Kai ma."

Damagaram

Da hantsi ɗan kabu-kabu ya kai mu unguwar Birni a kan babur wajen Malam Bukar mai naɗin waya. Yashi ya kayar da mu, moter ne kawai bai ji ciwo ba. Malam Bukar ya haɗa wuta, ya saurari gurnanin, ya zabga masa mari. Sai ga shi yana gudu.

"Ashe kai ma ka yarda da camfin?"

"Wane camfi? Moter na wutar gida iri-iri ne, kamar jakuna. Akwai ƙaramin da ke tashi da kansa, amma ba ya ɗaukar kaya. Akwai na fanka. Naka mai ƙarfi ne, sai dai gwangwanin nan na bayansa, kwandansata, shi ke ingiza shi. Ya daɗe da mutuwa. Surukinka ne kwandansatar."

Na sa ya ɗaura sabuwa, na ci shinkafa da wake don huce kunya, muka juyo. Wannan karon ni na zauna taga.

Gida

Na riga Baba Idi isowa, na mai da komai wurinsa, da ya dawo na ɓoye masa zancen. Washegari ya kunna, ya ɗaga hannu, kafin marin ya sauka moter ya tashi. Baba ya yi tsalle har cikin robar wata mata.

"A'uzubillahi! Wa ya shiga cikinsa?"

Na durƙusa na faɗi gaskiya duka. Ya daɗe yana share gyaɗa daga riga.

"To, marin fa? Na riga na yi masa bisimilla."

Na miƙa ƙeya. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na kuma gode wa Baba da ya yi da hannun hagu.